Hannu a Kan Sanda

Tun kafin kiran assalatu Umma ta tashi ta soya ƙwai, ta cika filas biyu da shayi mai citta, don an gaya mata citta tana kwantar da tashin zuciyar da teku ke kawowa. Ranar Asabar ce cikin watan Disamba, ranar gasar kamun kifi ta iyalai a kulob ɗin masu jiragen ruwa da maigidanta ya shiga a Legas. Yawancin gasannin shekara maza ne ke fita su kaɗai. Wannan kuwa sharaɗinta shi ne kowane jirgi ya ɗauko mata da yara, kuma an ajiye kofi na musamman ga duk yaron da bai kai shekara 16 ba da ya kamo kifi mafi nauyi.

Abba ya daɗe da ɗora rai a kan kofin nan. Sana'arsa fito da kaya ce daga tashoshin Apapa da Tin Can, kuma ta hannun abokan hulɗa ya shiga kulob ɗin. Ana gaisawa da shi da fara'a, amma bai daina jin kansa baƙo ba. In an zauna hira da yamma sai wani ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Mutumin Arewa, ina kuka san teku?" Yakan taya su dariya, sai dai maganar tana sosa masa rai, domin shi ɗan masunci ne. Mahaifinsa Bakabe ne na Argungu, ya fi shekara 40 yana shiga ruwa da homa da gora, kuma da kuɗin kifi aka yi wa Abba makaranta.

A wannan watan ma tsohon yana gidan. An kawo shi Legas aka cire masa yanar ido, ya tsaya ya warke. Yara suna ce masa Baba Tsoho. Babbar jikarsa, mai shekara 12, sunan marigayiya matarsa ta ci, shi ya sa Abba da Umma ba sa kama sunan, Ummi suke ce mata. Shi kuwa tsohon Uwargida yake kiranta, kullum suna cikin faɗan kuɗin cefane. Da ya ji za a je su a teku sai ya ce ko da sanda zai dogara sai ya je ya ga wanga ruwa da ba a sha.

Daren Juma'a aka tara masu shiga gasa aka karanta musu dokoki da Turanci. Yawancinsu an ɗauko su ne daga dokokin IGFA, ƙungiyar masu kamun kifi na wasa ta duniya, wadda aka kafa a Amurka a 1939. Wadda aka fi nanatawa ita ce: daga lokacin da kifi ya cafki ƙugiya har a shigo da shi jirgi, ba wanda zai taɓa sandar fatsa, ko ƙwarƙwaron da ke naɗe zare, ko zaren kansa, in ba mai kamun ba. Abin da aka yarda wa yaron jirgi shi ne ya kama wayar da ke ƙarshen zare idan kifi ya iso gefen jirgi, sannan a ɗauko shi da ƙugiya mai dogon mariƙi. Abba da Ummi suna wurin, sun ji. Baba Tsoho yana gida. A mota Abba ya yi niyyar fassara masa in sun isa, daga baya ya ce a ransa, wa zai koya wa Bakabe kamun kifi? Ya bar maganar.

Ƙarfe shida da rabi na safe aka busa ƙaho, jirage suka tashi. Nasu na haya ne, mai inji biyu. Kyaftin ɗin mutumin Ilaje ne daga gaɓar Ondo, yana da yaron jirgi ɗaya. Sai da ya duba rigar ruwan kowa, ya ja igiyar rigar Auta, ƙanin Ummi, ya ƙara ɗaure ta, sannan ya tada inji. Suka bi mashigin Five Cowrie da ya raba Ikoyi da Victoria Island, suka faɗa babbar hanyar jiragen ruwa, suka miƙa kudu tsakanin dogayen katangun duwatsu biyu da Turawan mulki suka jibge a farkon ƙarni na 20 don kada yashi ya toshe wa manyan jirage ƙofa. Tarkwa Bay da tsohuwar hasumiyar fitila suna hannun dama, hazon hunturu ya lulluɓe su.

Suna wuce ƙarshen duwatsun ruwa ya sauya hali. Ya daina ƙananan taguwoyi, ya koma ɗaga jirgin gaba ɗaya a hankali, ya sauke shi, ya sake ɗagawa. Baba Tsoho ya miƙa hannu ya ɗebo, ya kai baki, ya tofar.

"Lalle Allah da iko yake," in ji shi. "Tambayar mini shi, mu ga gulbi launin ruwa muke dubawa, da ciyawa, da inda ruwa ke juyawa. Shi nan mi yake dubawa?"

Abba ya fassara. Kyaftin ya ji daɗin tambayar. Ya nuna tsuntsayen da ke faɗawa ruwa can nesa, sannan ya nuna manyan jiragen dakon kaya da suka jefa anga suna jiran layin shiga tasha. Ya ce jirgin da ya kwana biyu a tsaye, ƙananan kifaye sukan taru a inuwarsa, manya kuma su biyo su. Aka saki zare huɗu a bayan jirgi, kowanne da kifin roba mai ƙugiya, ana jan su a hankali don su yi ta rawa a ruwa. Tsohon ya murza wayar da ke ƙarshen zaren da yatsa ya tambayi amfaninta. Aka ce saboda barakuda, haƙoranta suna datse zare nan take. Ya jinjina kai. Daga nan hira ta ɓarke tsakanin masuntan biyu, har Abba ya gaji da tafinta suka koma yi da hannu.

Safiyar ba ta ba da wani abin kirki ba. Auta, mai shekara 7, ya yi amai sau da yawa ya kwanta a cinyar Umma, Kyaftin na ce masa ya riƙa kallon nesa inda ruwa ya haɗu da sama. Abba ya kamo kifi ɗaya da bai fi tsawon kamu biyu ba. Umma ta kamo wanda ya ɗan fi shi, ta yi ta murna. Sandar da aka ware wa Ummi kuwa ko motsi. Ta ci burodi da ƙwai, ta yi gyangyaɗi, ta farka, ta tambayi ƙarfe nawa. Aka yi azahar a zaune saboda tangaɗin jirgi. Dokar gasa ta ce ƙarfe uku kowa ya naɗe zare, ƙarfe huɗu a rufe sikeli.

Wajen ɗaya da rabi, suna zagaya wani jirgin dakon mai, sandar Ummi ta lanƙwashe, ƙwarƙwaro ya ɗauki ƙara, zare na fita ba ƙaƙƙautawa.

"Naki ne! Ɗauka da kanki!" in ji Kyaftin.

Ta zare sandar daga mazauninta, ta kafa gindinta a ɗamarar da aka ɗaura mata. Yaron jirgi ya naɗe sauran zaren da sauri don kada su sarƙe. Can baya kifin ya yi tsalle ya fito fili, dogo, fari fat, yana girgiza kai, ya koma. Baba Tsoho ya yi kabbara.

Abin da aka koya mata shi ta yi. Kifi na gudu, ta bar shi ya ja, birkin ƙwarƙwaro na gajiyar da shi. Ya tsaya, ta ɗaga sanda a hankali, ta sauke tana naɗewa. Ta samu zare kaɗan, ya ƙwace fiye da haka. Gumi ya jiƙa mata hijabi, hannuwanta na rawa, ta ciji leɓe. Abba yana bayanta ya harɗe hannuwansa a ƙirji don kada su kai inda ba a so, yana ta cewa, "Sannu Ummi, a hankali, kada ki bar zaren ya saki." Umma tana ta salati. Har Auta ya tashi zaune.

An kusa minti 20 ana wannan fama, kifin ya fara bin zare, sai wani jirgin ja ya wuce ta gefensu da gudu. Hankalin kowa na kan zare, ba wanda ya lura da igiyar ruwan da ya taso sai da ta bugi jirgin a haƙarƙari. Jirgin ya karkata. Ƙafar Ummi ta zame a jiƙaƙƙen daɓe, ta tafi gaba, cikinta ya bugi gefen jirgi, kifi kuma na janta waje.

Baba Tsoho ne ya fi kusa. Da hannun hagu ya damƙi wuyan rigar ruwanta ya fizgo ta baya. Hannun dama kuwa, hannun da ya shekara 40 bai taɓa barin kifi ya tafi da kayan aiki ba, ya kai wa sandar cafka, ya ɗaga ta sama, ya riƙe har yarinyar ta daidaita ƙafafunta. Bai fi numfashi uku ba. Ya saki, ya ce, "Ci gaba, Uwargida, ya gaji."

Ta ci gaba. Bayan ɗan lokaci yaron jirgi ya kama waya, Kyaftin ya sa ƙugiya ya jawo kifin ciki, ya buge shi a ka, ya ce kowa ya janye ƙafa daga bakinsa. Barakuda ce, tsawonta ya kusa kai tsayin Ummi. Kyaftin ya ɗaga ta ya ce za ta haura kilo 14. A rediyon jirgi kuwa, babban kifin da aka ji wani yaro ya kama bai kai kilo 10 ba.

Tsohon ne kaɗai ke murna da dukan zuciyarsa. Yana shafa kifin, yana buɗe bakinsa yana duban haƙora, yana yi wa jikarsa kirari. Ummi ta dubi Abba, Abba ya kau da kai.

Wanda bai san wasan ba zai ce dokar ta yi tsanani. Amma a tuna, jirage sun watse a teku, kowanne ya yi nisa da ɗan'uwansa, babu alƙali a cikin ko ɗaya. Abin da kwamiti zai gani da yamma kifi ne matacce, kuma kifi ba ya faɗin hannu nawa suka ja shi. Saboda haka gasar duka a kan takarda guda take tsaye, fom ɗin da mai kamu zai sa hannu cewa shi kaɗai ya yi fama da kifinsa bisa doka, kyaftin ya sa hannu, shaida ɗaya ya sa. In wannan takarda ta zama abin wasa, sikeli ba shi da sauran amfani.

Da aka juya akalar jirgi zuwa gida, Kyaftin ya matso kusa da Abba ya yi ƙasa da murya. "Oga, ni tuƙi nake, gabana nake kallo. Ban ga komai ba."

Abba bai amsa ba. Ya ciro fom daga leda ya ɗora a gwiwa. A ransa yana ta jera hujjoji, kuma ba hujjojin banza ba ne. Baba ba taimakon kamu ya yi niyya ba, ceton rai ya yi. Bai ma san dokar ba. Yarinya ta yi minti 20 ita kaɗai, numfashi uku ne zai rushe wannan duka? A wurin aikinsa ma ya sha ganin takardun da aka ɗan gyara wa lissafi, kaya suka fita, ba abin da ya faru.

Umma ta zauna kusa da shi. "Abban Ummi, me kake tunani?"

"Baba daidai ya yi. Da bai riƙe ta ba da yanzu wani zancen ake."

"Daidai ya yi, Allah Ya saka masa. To in daidai ne, me zai hana a rubuta shi yadda ya faru?"

"In aka rubuta cire ta za su yi."

"Ashe ka riga ka san hukuncin," in ji ta, ta tashi ta koma wurin Auta.

Sai ga Ummi ta zo ta durƙusa gabansa, idanunta na ƙyalli, ta yi magana a hankali don kada kakanta ya ji. "Abba, in sun tambaye ni, sai in ce ba wanda ya taɓa, ko? Rigata kawai ya riƙe. Haka zan ce?"

Kafin ya buɗe baki, Auta ya ɗago kai daga cinyar uwarsa. "Abba, ni ma in ce ban gani ba? Ai na gani. Amma in ka ce in ce ban gani ba, zan ce."

Maganar yaron ta daki Abba fiye da duk abin da aka faɗa a ranar. Shi a lissafinsa layi ɗaya ne a takarda. Sai yanzu ya ga abin da layin zai ci: sai ya zaunar da 'yarsa ya gyara mata zance, ya koya wa ɗan shekara 7 abin da zai ce bai gani ba, ya bar matarsa ta yi shiru, ya karɓi rufin asiri daga mutumin da ya ɗauka haya. Kuma yaran ba gardama suke yi ba. A shirye suke, umarninsa kawai suke jira. Ya tuna Ummi ba ta taɓa sa hannu a wata takarda ba. Kwana uku ta yi tana gwada yadda za ta ja sunanta a bayan littafin lissafi saboda wannan rana.

"Wai mi ake ta raɗa?" in ji Baba Tsoho.

Abba ya matsa kusa da shi, kansa a ƙasa, ya fassara masa dokar da ya kamata ya fassara tun daren jiya. Tsohon ya saurara har ƙarshe. Ya juya tafin hannunsa na dama yana kallo, ya daɗe bai ce komai ba.

"Ko na san doka, ita da na riƙe ta," ya ce daga baya. "Amma sandar da na bar ta." Ya numfasa. "Shekarar 2008 ina bakin Matan Fada. Aka fito da wani kifi, aka auna, aka yi ta kiɗa, aka ba mai shi kyauta. Daga baya bincike ya nuna ba a wurin aka kama shi ba, shigo da shi aka yi. Aka karɓe kyautar, labari ya kai har gidajen rediyon waje. Mu da ba mu ci ba, ba mu sha ba, mu ma kunya ta rufe mu. Ni dai ga abin da na gani. Kifinku ne, takardarku ce."

Abba ya juya bayan fom ɗin ya rubuta abin da ya faru: igiyar ruwa, zamewar, hannu a riga, hannu a sanda, da cewa tsohon bai san doka ba domin shi bai gaya masa ba. Ya miƙa wa Ummi biro ya nuna mata ƙasan rubutun.

"Nan za ki sa, ba gaba ba."

Ta karanta, fuskarta ta sauya. "Abba, ni fa na kama shi! Hannuna duba!" Ta buɗe tafukanta, sun yi jawur, ɗaya ya tashi.

"Ke kika kama shi, Ummi, duk wanda ke jirgin nan shaida ne. Amma takardar cewa ta yi ko wani ya taɓa sanda. An taɓa."

Ta fashe da kuka. Ba wanda ya hana ta. Sai da suka shigo tsakanin duwatsu, ruwa ya kwanta, sannan ta share ido da gefen hijabi ta ja sunanta, hannu na rawa, bai yi kyau irin na bayan littafin ba. Kyaftin ya karanta shi ma ya sa nasa. Da yake mayar da biro ya ce, "Oga, da ɗaya gefen ka nuna mini, da na sa, don kai ka ɗauke ni aiki. Na gode da ba ka nuna ba."

A bakin gaɓa mutane sun taru. Aka rataya kifin, sikeli ya tsaya a kilo 14.6, wuri ya ɗauki tafi da sowa. Matar da ke karɓar fom ta duba gaba ta ga babu sa hannu, ta juya baya, ta karanta, ta kira sauran 'yan kwamiti. Suka koma gefe. Ɗaya daga cikinsu ya dage a bar wa yarinyar kifinta tunda ceto aka yi. Shugaban ya ce ya ji tausayinta har ransa, amma in aka buɗe wannan ƙofa, baɗi kowane jirgi zai dawo da labarin igiyar ruwa. Aka rubuta nauyin a allo, aka ja layi a kansa.

Kofin ya tafi hannun wani yaro mai kifin kilo 9.2. Umma ta taɓa Ummi da gwiwar hannu, yarinyar ta tafa sau biyu, hawaye na zuba. Ba a yi wata sanarwar yabo ba, ba a ƙirƙiro musu wata kyauta ba. Mutumin nan mai tsokanar Abba ma da ya ji labari sai ya girgiza kai ya ce, "Kai ma dai. Wa zai sani?" Abba ya ji zafin maganar, kuma har suka isa mota bai daina hango kofin a kan teburin falonsa ba.

A gida Baba Tsoho ya karɓi wuƙa ya gyara kifin da kansa. Tun a gaɓa ya sa an yanka wa Kyaftin da yaronsa rabonsu, don a wurinsu ba a hana mai jirgi. Sauran ya kasa, na maƙwabta, na maigadi, na gida. Umma ta yi farfesu. Ummi ta ce ba ta ci, ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa, ko sai da safe ba ta yi wa kakanta ba. Wannan ya dami tsohon fiye da yadda ya nuna. Bayan isha'i Abba ya same shi a kan darduma ya durƙusa.

"Baba, ka yafe mini. Ni na jawo, da na gaya maka tun jiya."

"Allah Ya yafe mu duka. Ka bar ta ta yi fushinta, tana da gaskiyar yin shi. Kada ka lallashe ta da sayen wani abu."

Ranar Lahadi ma ba ta kula shi ba, har bayan la'asar. Yana zaune a baranda yana jan carbi sai ga ta da takardar dokokin kulob da biro. Ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa, fuska ba walwala.

"Abba ya ce akwai wata gasar kafin damina, kuma ya ce ba za ka koma gida ba sai an yi. Zan karanta maka dokokin da Hausa, ɗaya bayan ɗaya. In ba ka gane ba ka tambaya."

"To, Uwargida."

Ta karanta ta farko, ta lokacin tashi da dawowa. Ta karanta ta rigar ruwa. Da ta zo ta sanda sai ta karanta sau biyu, tana bin layin da yatsa.

"Na ji," in ji shi. "To in kika sake zamewa fa?"

"Kyaftin ya ce in sa takalmin roba, in tokare gwiwa a gefen jirgi. Amma in na zame ka riƙe ni da hannu biyu. Sandar in ta tafi, ta tafi."

"Da hannu biyu," ya ce. "Karanto ta gaba."